Gwajin DNA na tofa yawu a kwalba: wace ƙasa ce dokarta ta fi kama hanya?

Maman Ilham, Lyon: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga lauyoyi da likitocin zauren nan. Babbar 'yata ta matsa mini kan gwajin DNA ɗin nan da ake talla a intanet, wanda za a aiko maka da 'yar kwalba ka tofa yawu ka mayar, bayan wasu makonni a gaya maka asalin kakanninka da cututtukan da ka gado. So take ta san ko da gaske kakata Buzuwa ce kamar yadda ake faɗa a gidanmu a Damagaram. Da na yi wa maƙwabciyata maganar, ma'aikaciyar jinya ce, sai ta ce kul, a Faransa laifi ne, har tara ake ci. Haka ne? Yawuna ne, kuɗina ne, ina ruwan gwamnati?

Barista Auwal, Kano: Wa'alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ta gaya miki. A dokar farar hula ta Faransa, sashe na 16-10, ba a binciken ƙwayoyin halittar mutum sai don magani ko binciken kimiyya, shi ma da amincewarsa a rubuce. Gwajin tabbatar da uba kuwa sai alƙali ya ba da umarni. Sannan dokar hukunta laifuka, sashe na 226-28-1, ta sa tarar Yuro 3,750 a kan wanda ya nemi a yi masa gwajin, ko a yi wa wani, ba ta waɗannan hanyoyi ba. Ki lura da kyau, mai saye ma dokar ta kama, ba kamfani kaɗai ba. Lokacin da suka sake duba dokar ɗa'ar kimiyyar lafiya, wadda aka kammala a 2021, an kawo shawarar a buɗe ƙofa ko da ga gwajin asali kaɗai, majalisa ta ƙi. Ba kasafai ake jin an ci wani tarar ba, kuma Faransawa da yawa suna yi ta adireshin dangi a Beljiyam ko Sifen. Amma ke baƙuwa ce a ƙasar mutane, ba zan ba ki shawarar ki taka dokarsu ba.

Abba, Houston: Barista, da girmamawa, wannan doka raina hankalin mutane ce. Mutum baligi mai hankali a ce ba shi da ikon sanin abin da ke cikin jikinsa sai likita ya yarje masa? Nan Amurka a kantin magani za ka ga kwalin a kan kanta, ka saya kamar yadda za ka sayi ma'aunin sukari. Ni na yi, matata ta yi. Kuma akwai waɗanda abin ya wuce nishaɗi a wurinsu. Baƙaƙen fatan ƙasar nan da aka kwaso kakanninsu a jiragen bayi ba su da takarda ko ɗaya da za ta ce ga garinsu. Akwai waɗanda aka ɗauke su riƙo tun suna jarirai ba su san iyayensu ba. Idan ka hana su gwajin nan me ka ba su a madadinsa?

Dakta Safiya, Hamburg: Malam Abba, ita ma Amurkar ba sake ta yi ba. A watan Nuwamba 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta rubuta wa kamfanin gwajin DNA na 23andMe cewa ya dakatar da tallan rahoton lafiya, don ya kasa kawo hujjar da ke nuna sakamakonsa abin dogaro ne. Kusan shekara biyu yana sayar da na asali kaɗai. A 2015 aka fara ba shi izini kaɗan-kaɗan, a 2017 aka yarje masa rahoton haɗarin cututtuka 10, ciki har da Parkinson da cutar mantuwa ta Alzheimer, a 2018 kuma aka ƙara na sankarar mama.

Wannan na ƙarshe shi ne yake damuna a matsayina na likita. Izinin 2018 ya shafi sauye-sauye 3 ne kacal a ƙwayoyin gado na BRCA1 da BRCA2 masu alaƙa da sankarar mama, alhali waɗanda aka sani sun haura 1,000. Ukun nan ma a cikin Yahudawan Ashkenazi aka fi samunsu. To ki ɗauki Bahaushiya da mahaifiyarta da gwaggonta duk sankarar mama ta kashe su. Ta tofa yawu, sakamako ya zo cewa ba a ga komai ba. Hankalinta ya kwanta, ta daina zuwa a duba ta. Ba ƙarya kamfanin ya yi mata ba, ya rubuta gargaɗi a ƙasa, amma mutum nawa ne suke karanta shi, kuma nawa ne suke fahimta? Dalilin da ya sa kenan Jamus ta yi dokarta, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Fabrairu 2010. Duk gwajin gado na lafiya sai ta hannun likita. Idan na hasashen cutar da ba ta zo ba tukuna ne, dole a zauna da mutum a yi masa bayani kafin gwaji da bayansa. Har haƙƙin ƙin sani dokar ta kare: kana iya cewa a lalata sakamakon kafin ka gani. Gwajin asali zalla ana sayarwa a nan, ba su kai Faransa tsanani ba.

Abba, Houston: Dakta, ai kin ba ni hujja ne. Amurka ta tilasta musu su gyara, suka gyara, aka ci gaba. Ba ta rufe kasuwa ba. Kuma ganin ƙwararren likitan gado ko a Turai layi ne na watanni, balle a gida.

Sani Lab, Zariya: Bari in sa baki ta ɓangaren aikinmu. Mutane suna ɗauka an karanta musu DNA ɗinsu kaf. Ba haka ba ne. Halittar ɗan Adam tana da haruffa kusan biliyan 3, na'urar da kamfanonin nan ke amfani da ita tana leƙa wurare ne kamar 600,000 da aka zaɓa tun farko. A kan sauyin da ya yawaita a cikin jama'a tana da kyau, amma a kan wanda ba kasafai ake samu ba tana yawan kuskure. Wani ɗakin gwaji a Amurka ya wallafa a 2018 cewa cikin samfura 49 da aka kawo musu don tabbatar da abin da mutane suka gani a ɗanyen bayanansu na irin wannan gwaji, kashi 40 cikin 100 na sauye-sauyen da aka ce an gani babu su.

Sai kuma maganar mu 'yan Afirka. Wani ƙiyasi na 2019 ya nuna kusan kashi 78 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kashi 2. Duk lissafin haɗarin ciwon sukari ko na zuciya da za su ba ka, a kan jikin Bature aka gina shi. Hatta babban aikin nan na 1000 Genomes da masu bincike ke dogaro da shi, daga Najeriya Yarabawan Ibadan da Esan ne a ciki, sai Mende na Saliyo, da mutanen Gambiya, da Luhya na Kenya. Babu Hausawa, babu Barebari, babu Buzaye. Kamfanoni suna da nasu tarin da suke ƙarawa, amma dai kashi-kashin da suke bayarwa ƙiyasi ne, shi ya sa yake canjawa duk sanda suka sabunta manhajarsu. Hajiya Maman Ilham, ko da doka ta ba ki dama, abin da za ki gani bai wuce kashi kaza Afirka ta Yamma, kashi kaza Afirka ta Arewa ba. Tsofaffin gidanku za su fi kwalbar nan ba ki amsa.

Maman Ilham, Lyon: Allah ya saka, Malam Sani. Akwai ƙanwar mahaifiyata a raye a Tanut, zan sa yarinyar ta kira ta. Amma ku ci gaba, ina karantawa.

Yakubu, Zangon Kumasi: Tambaya gare ka Malam Sani. Wani abokina da zai yi aure ya ce shi ba sai ya je gwajin jinotayif ba, tunda rahoton da ya saya daga waje ya ce ba ya ɗauke da sikila. Ya isa?

Sani Lab, Zariya: Bai isa ba ko kaɗan, ka gaya masa yau ɗin nan. Rahoton sikila na irin waɗannan kamfanoni galibi S yake nema. Ku kuwa a Ghana, musamman arewaci, da Burkina Faso, nau'in C yana da yawa. Mai AC ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SC, kuma SC ciwo ne na gaske, yana taɓa ido da ƙashin ƙugu. Gwajin jini na asibiti shi ke raba A da S da C, kuma kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. A Kano ma tun 2024 doka ce, ba a ɗaura aure sai da takardar jinotayif da ta HIV da ciwon hanta da tunjere daga asibitin da aka amince da shi. Saudiyya ta wajabta nata na sikila da talasemiya tun 2004.

Ummi, Manchester: Ni abin da ya fi tsaya mini ba ingancin sakamako ba ne. Yaya Abba ya ce jikinsa ne, haƙƙinsa ne. To amma DNA ɗinka rabi na mahaifinka ne, rabi na mahaifiyarka. Kusan rabi kuke tarayya da duk wanda kuke uwa ɗaya uba ɗaya, kashi ɗaya cikin takwas da ɗan baffanka. Ranar da ka danna "na amince", ka amince a madadin mutanen da ba ka shawarta ba, har da jikokin da ba a haifa ba. Dokokin da aka gina a kan amincewar mutum ɗaya duk a nan suke gurguncewa.

Ku duba abin da ya faru a 2023. Masu kutse sun shiga asusun mutum kusan 14,000 a 23andMe ta hanyar gwada lambobin sirrin da aka sato a wasu shafuka. Amma saboda tsarin haɗa dangi da ke shafin, ta waɗannan asusun suka kwashe bayanan mutum miliyan 6.9. Waɗancan miliyoyin ba su yi sakaci da komai ba, laifinsu kawai suna da dangi. Kuma aka ware jerin masu jinin Yahudawa da na 'yan China ana tallansa. Mu da muka san abin da tambayar "kai wane yare ne" ta jawo a Jos da Kaduna, bai kamata sai an yi mana dogon bayani kan haɗarin jerin sunaye da ƙabila da gari ba. Katin banki idan an sace sai a toshe a ba ka sabo. Wannan ba a sake shi.

Abba, Houston: Ƙanwata, wannan magana ta shige ni, ban da ja a kanta. Amma tsarin haɗa dangin nan shi ya kama Joseph DeAngelo a 2018, tsohon ɗan sandan da ya kashe mutum 13 ya yi wa mata da dama fyaɗe a California tun shekarun 1970. Shekara arba'in ana nemansa. Masu bincike suka sa DNA ɗin da aka samu a wurin laifi a GEDmatch, wani shafin neman dangi ta DNA, suka samu danginsa na nesa, suka bi salsala har ƙofar gidansa. Ki je ki gaya wa matan da ya zalunta cewa bai kamata a yi hakan ba.

Ummi, Manchester: Ba zan gaya musu haka ba, kama shi alheri ne. Abin da nake cewa, waɗancan dangin na nesa neman 'yan uwa ya kai su shafin, ba su san sun zama masu ba 'yan sanda bayani ba. Sai a 2019 shafin ya koma tambayar mutum ko ya yarda. Jihar Maryland ta yi doka a 2021 cewa sai da izinin alƙali, kuma sai a manyan laifuka irin kisa da fyaɗe. Ka ga an samu hanyar kama mugu ba tare da an bar ƙofa a hangame ba. Yanzu ka ɗauko wannan iko ka miƙa shi ga gwamnatin da ke farautar 'yan adawa. Wani bincike a 2018 ya nuna idan kashi 2 cikin 100 na al'umma suka shiga rumbun, kusan kowa ana iya gano shi ta dangi, ko bai taɓa tofa yawu ba.

Barista Auwal, Kano: Ummi ta taɓo jijiyar maganar. Bari in ƙara da abin da ya biyo baya, don mu lauyoyi shi ya fi ɗaga mana hankali. A watan Maris 2025 kamfanin 23andMe ya shigar da takardar karayar arziki. A irin wannan shari'a kadarorin kamfani ake sayarwa a biya masu bin bashi, kuma babbar kadararsa ita ce bayanan gado na mutum kusan miliyan 15. Babban lauyan jihar California sai da ya fito yana tunatar da mutane su goge bayanansu. Kamfanin magunguna na Regeneron ya taya dala miliyan 256, daga baya wata cibiya da Anne Wojcicki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ta kafa ta saye a kan miliyan 305. An yi sa'a ya faɗa hannun da aka sani. Amma darasin shi ne wanda ka ba amana yau ba lallai shi zai riƙe ta gobe ba. Dokar sirrin majinyata ta Amurka ba ta rufe waɗannan kamfanoni ba, tunda ba asibiti ba ne, kai ma a wurinsu mai sayen kaya ne, ba majinyaci ba.

Malam Abba, ka duba maganar inshora ma. Dokar Amurka ta GINA ta 2008 ta hana mai inshorar lafiya da mai ɗaukar aiki su nuna maka bambanci saboda gadonka, amma ba ta shafi inshorar rai ba, ko ta naƙasa, ko ta kulawar tsufa. Sai jihohi irin Florida da suka cike giɓin da kansu a 2020. Kanada ta fi su ƙarfi: dokarta ta 2017 ta mai da shi laifi a tilasta wa mutum gwaji ko bayyana sakamako kafin a yi hulɗar kasuwanci da shi, tara har dala miliyan 1 ta Kanada ko ɗaurin shekara 5, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2020.

Ummi, Manchester: A nan Ingila yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da ƙungiyar masu inshora, ba doka ba. Ba za su tambaye ka sakamakon gwajin hasashe ba sai na cutar Huntington, shi ma idan inshorar ran ta haura Fam 500,000.

Malam Nasiru, Sakkwato: Assalamu alaikum. Na bi maganganunku tun daga sama, amma har yanzu ba a taɓo abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ba, wato gwajin uba. Kowa yana ganin yadda ake yayata shi a kafafen sada zumunta, magidanci ya ɗauki gashin yaro ko buroshinsa a ɓoye ya kai, bayan mako biyu gida ya watse. A shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Wanda ke son kore ɗa daga kansa hanyarsa li'ani ce a gaban alƙali, da rantsuwoyinta masu nauyi kamar yadda suka zo a Suratun Nur.

Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna kan wannan a Makka a 2002. Ta halatta amfani da DNA a binciken laifukan da ba na haddi ko ƙisasi ba, da wajen jariran da suka cakuɗe a asibiti, da yaran da suka ɓata a yaƙi ko bala'i, da gawar da ba a gane ba. Ta hana a kore nasaba da shi, ta hana a gabatar da shi a kan li'ani, ta kuma hana a yi shi don bincikar nasabar da ta riga ta tabbata. Sannan ta shawarci hukumomi kada su bari a yi gwajin sai da buƙatar kotu, kuma kada a bar shi a hannun 'yan kasuwa masu neman riba. Da na karanta bayanin Barista kan Faransa sai na ga ƙasar da ta raba addini da mulki ta sauka kusan inda malamanmu suka sauka. Ina ganin dalilin ɗaya ne: yaron da ake gwadawa shi ne mafi rauni a cikin rigimar, kuma shi kaɗai ne ba a tambaya.

Dakta Safiya, Hamburg: Allah ya gafarta Malam, haka yake a nan ma. Gwajin uba a ɓoye haramun ne a Jamus, tara har Yuro 5,000, kuma tun 2005 babbar kotu ta ce ba za ta karɓi sakamakon da aka samo a ɓoye ba. Sai dai ba su bar uba da zargi a zuci ba. Tun 2008 doka ta ba uba ko uwa ko ɗan damar neman a yi gwajin a fili, idan wani ya ƙi kotun iyali ta shiga. Isra'ila ma sai da umarnin kotun iyali, saboda abin da sakamakon zai iya jawo wa matsayin yaro a dokar aurensu.

Ummi, Manchester: Ingila tana tsakiya. Dokar 2004 ta mai da gwada DNA ɗin mutum ba da yardarsa ba laifi, ɗauri har shekara 3. Amma ga ƙaramin yaro, yardar ɗaya daga cikin masu alhakin renonsa ta wadatar, don haka uba yana iya yi uwa ba ta sani ba.

Abba, Houston: Malam, ina girmama fatawar. Amma akwai namijin da aka ha'inta da gaske, yana ciyar da ɗan da ba nasa ba shekara ashirin. Shi ba a zalunce shi ba? A Najeriya kuma kai ƙara kotu kan irin wannan tonon asiri ne a gaban gari. Gwajin ɓoye sau da yawa shi ke wanke matar da ake zargi, magana ta mutu ba wanda ya ji.

Malam Nasiru, Sakkwato: An zalunce shi, kuma wadda ta ha'ince shi za ta haɗu da Allah. Ba a rufe masa ƙofa ba, an ce ya bi ta ƙofar da akwai alƙali da shaidu. Ka ce gwajin yana wanke mace. Idan kuma aka musanya samfur a ɗakin gwajin da babu mai sa masa ido fa? Mace mai mutunci ta tafi gidansu da tabon da ba ya gogewa, yaro ya rasa uba da gado, a kan takardar da ba wanda zai iya tuhuma.

Sani Lab, Zariya: Wannan tsoro na Malam yana da tushe. Yawancin wuraren da ke tallan gwajin DNA a garuruwanmu karɓar samfur kawai suke yi su aika Legas ko ƙasar waje. Gwajin da kotu ke karɓa yana da tsari: a ga fuskar kowa da katin shaidarsa, a ɗauki samfur a gaban shaida, a rufe a sa hannu, a rubuta duk hannun da ya bi. Na gida babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Injin yana iya yin daidai ɗari bisa ɗari a kan samfurin da ba na yaron ba ne.

Yakubu, Zangon Kumasi: To Barista, Najeriya wace doka take da ita a kan duk wannan?

Barista Auwal, Kano: Gutsattsari ne a wurare daban-daban. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan gado cikin bayanai masu tsananin sirri, ta sa sharuɗɗa kan fitar da su waje, kuma hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, tana iya cin babban kamfani tarar Naira miliyan 10 ko kashi 2 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba kotu ikon umartar gwajin kimiyya idan ana jayayya kan uba. Hukumar kula da aikin gwaje-gwajen asibiti, MLSCN, ke ba ɗakunan gwaji lasisi. Abin da babu shi ne doka guda da za ta ce wa zai sayar da gwajin gado kai tsaye, wane alkawari zai iya yi a talla, wa zai yi wa mutum bayanin sakamako, shekara nawa za a ajiye yawun, kuma me zai faru da shi idan kamfani ya rufe. Wannan na ƙarshe ba hasashe ba ne, kamfanin 54gene da aka kafa a 2019 don tara bayanan gadon 'yan Afirka ya naɗe tabarmarsa a 2023. Mu a Kano kuma ba mu manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, mun san abin da ke biyo baya idan aka taɓa jikin mutane ba tare da sun fahimci abin da suka amince da shi ba.

Da ni za a tambaya, zan ɗauki ta Jamus a kan lafiya da gwajin uba, in ɗauki ta Kanada a kan inshora da aiki, in bar gwajin asali ga baligi bisa sharaɗin zai iya sa a goge bayanansa a lalata samfurinsa. Ba zan ci mai saye tara kamar Faransa ba.

Abba, Houston: Sharaɗin likita a ƙasar da masu ba da shawara kan gado ba su taka kara sun karya ba, hani ne da wani suna. Masu kuɗi za su yi a Dubai, talaka ya zauna. Kuma ta yaya NDPC za ta hukunta kamfanin da ba shi da ko tebur a Najeriya?

Barista Auwal, Kano: Ana yi. Hukumar kare bayanai ta Ingila ta haɗa bincike da ta Kanada, ta ci 23andMe tarar Fam miliyan 2.31 a 2025 kan kutsen nan. A gida ma hukumar kare masu saye ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar dala miliyan 220 a 2024. China kuwa tun 2019 ta hana baƙi tattara samfurin gadon mutanenta ko fitar da shi sai da izini. Ba sai mun kai can ba, amma samfur ba ya tashi sama da kansa, ta hannun wakili da kamfanin aika kaya yake fita, kuma duk suna da adireshi a nan.

Dakta Safiya, Hamburg: Maganar ƙarancin ma'aikata gaskiya ce, Malam Abba, amma tana da magani. Cibiyoyin sikila a gida sun daɗe suna horar da ma'aikatan jinya kan yi wa masu shirin aure bayanin AS da SS. A ɗora a kan wannan, a yarda a yi zaman ta waya ko bidiyo, da Hausa ga mai jin Hausa. Ba sai farfesa ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mutum ya buɗe waya da tsakar dare shi kaɗai ya karanta cewa yana da kwafi biyu na APOE4, nau'in ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin cutar Alzheimer, da Turancin da bai gama ganewa ba, babu wanda zai gaya masa cewa haɗari ne ya ƙaru, ba hukunci aka yanke masa ba.

Sani Lab, Zariya: Barista, idan za a rubuta wa majalisa a saka wannan: duk wurin da ke karɓar samfur ya manna sunan ɗakin gwajin da yake aika wa da ƙasar da yake, da shaidar inganci ta duniya, ISO 15189 ko 17025, ta wancan ɗakin, a inda mai shigowa zai gani. Samfurin yaro kuma kada a karɓa sai an ga yaron da ido da wanda ya kawo shi, an rubuta katin shaidarsa. Waɗannan biyun MLSCN za ta iya sa su cikin sharuɗɗan sabunta lasisi tun kafin a kai ga yin sabuwar doka.